Kawu Ummaru da Saniyar da Ta Sha Zagi Ranar Lahadi

Shekara shida ke nan da rasuwar Kawu Ummaru mai fenti, ƙanen mahaifiyata, kuma sai a wannan makon na samu labarin da zan so in ba shi wanda ban ƙara masa gishiri da yawa ba. Na san masu karanta wannan shafi sun saba da dattawa masu tuna mamaci cikin natsuwa. Ni shekarata goma sha bakwai, ƙarƙashin farcena duk jan fenti ne, kuma tun ranar Lahadi nake tafiya kamar an sa mini taya a ƙafa. Ku yi haƙuri da ni. Idan na yi dariya a inda ya kamata in yi shiru, shi ya koya mini.

Wanda bai san Illela ba sai in yi masa bayani. Garinmu yana bakin iyaka, yana kallon Konni ta Nijar, Konni tana kallonmu. A kasuwarmu akwai mai karanta Turanci, akwai mai karanta Faransanci, akwai wanda ajami kawai ya sani, akwai kuma wanda duk rubutun duniya tafiyar tururuwa ce a wurinsa. Saboda haka allon shago a nan da hoto yake magana. Mai faci yana son taya, mai yankan makulli yana son makulli, mai shayi yana son kofi da tururi yana tashi. Duk wanda ya bi titin da ya miƙe zuwa bakin iyaka a shekarun baya, hannun Kawu ya yi ta gani dama da hagu. Ya taɓa zana wa wani mai tsire allo, ƙudajen kasuwa suka bar naman gaske suka koma kan allon. Inna, mahaifiyata, ta ce ƙarya nake yi, ƙuda biyu ne kawai. To, ko biyu ne ai sun shaida.

Kada wani ya ɗauka zan ce ya zaunar da ni ya koya mini riƙon buroshi. Bai koya mini ba. Korata ma ya yi daga rumfarsa ina ɗan shekara tara, bayan na kama akuyar maƙwabcinmu na shafa mata kore, fari, kore. Akuyar ta kuɓuce ta nufi bakin iyaka da gudu, kuma ni dai a idona na ga kamar wani jami'i ya ƙame ya sara mata. Ruwa bai wanke fentin ba, sai da aka yi mata aski. Daga ranar Kawu ya ce in na ƙara taɓa gwangwaninsa zai zana fuskata a ƙofar banɗakin tasha.

Abu ɗaya ya yarda in yi tare da shi, shi ne zaman ranar Lahadi.

Kawu yana da doka. Duk allon da ya gama, ba ya kai wa mai shi, ba ya ma sa sunansa a ƙasa, sai allon ya yini a kasuwa. Ranar Lahadi, ranar kasuwarmu, da hantsi, lokacin da garin ya cika ya batse, zai ɗauki allon ya jingina shi da ginshiƙin wata rumfa a mashigar kara, inda ake sayar da shanu. Sai ya shimfiɗa buhu a bayansa ya zauna ya ɓuya, da ƙullin gyaɗa a gabansa. Mutane su zo wucewa su tsaya, ba su san mai aikin yana nan ba, su faɗi abin da ke bakinsu. Wani ya ce wannan kifin ya fi kama da takalmi. Wata ta ce mai wannan tukunyar bai taɓa shiga madafi ba. Kawu yana ɓare gyaɗa yana gyaɗa kai kamar ana yi masa kirari. Da la'asar ya ɗauki allonsa ya koma ya gyara. Idan mai shago ya matsa masa, amsarsa ɗaya ce, cewa allon bai bushe ba tukuna, bai sha zagi ba.

Ni a lokacin gyaɗar ce take kai ni. Amma na ji zagi iri-iri a bayan allunan nan, har na iya gane mutum daga takalminsa, domin abin da ake gani ta ƙasan allo ke nan.

A wannan zaman ne aka haifi gabar da ke tsakanin Kawu da mahaifina. Wani mai aski ya ba Kawu aiki. Kawu ba ya zana fuskar mutum, ya ce ya ji malamai sun yi magana kuma ba ya son rigima. Saboda haka duk kawunan da ke allon masu aski ƙeya suke nunawa. A tsakiyar wannan allon ya zana wata ƙeya mai sheƙi, mai ninki uku a saman wuya. Ba a yi rabin awa da jingina shi ba wani ɗan acaɓa ya tsaya ya ce, "Alhaji, barka da hantsi." Na biyu ya zo ya tambayi allon lafiyar iyali. Kafin azahar rabin Illela sun gaishe da ƙeyar Baba. Kawu ya kalle ni, hawayen dariya yana zuba masa, ya ce wannan kam ya bushe, ba abin gyara. Allon ya shekara huɗu a ƙofar mai askin. Tun daga lokacin Baba yake tura hularsa baya har ta kusa taɓa wuyan riga, kuma ba ya kiran fenti da sunansa, sai dai ya ce aikin gwangwani.

Kawu ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Ban iya ba da wannan ɓangaren da wasa ba, don haka ba zan tsaya a kansa ba. Allah ya jiƙansa. Abin da ya bari akwatin ƙarfe ne guda, cike da buroshi da alli da tsummoki masu warin kananzir. Inna ta tura shi ƙarƙashin gadonta, ta ce duk wanda ya taɓa zai gani. Na taɓa a mako na biyu. Na tabbata ta sani, domin wata rana na tarar an ƙara sabon kananzir a kwalbar, kuma ban taɓa jin aljanu suna sayen kananzir ba.

Na sha tambayar kaina me zai ce da ya ga Illela ta yau. Allunansa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, tsatsa tana cin su, ana maye gurbinsu da fostar leda da inji yake bugawa. Ka shiga shagon bugawa da wayarka, ka nuna hoto, kafin ka gama shan ruwa an miƙo maka. Yanzu mai shayin tasharmu yana da hoton wani kofi da bai taɓa ganin irinsa ba, mai aski yana da kawunan mutanen da ba a taɓa jin sun zo Sakkwato ba, kuma tela uku a layi ɗaya mace ɗaya ce take yi musu murmushi. Da farko na ɗauka haushi zai ji. Da na ƙara tunani sai na ga ba haka Kawu yake ba. Zai tsaya a gaban injin ya buɗe baki, ya ce a sake yi ya gani, ya shafa ledar, ya sansana ta. Sannan zai tambayi mai injin ranar da yake kai aikinsa kasuwa a zage shi. In aka ce ba a kaiwa, sai ya ja tsaki ya ce ashe ɗanye ake rataya wa mutane.

Ni kuwa shekarun nan shida ban bar zane ba. Littattafan lissafina duk rabinsu awaki ne da motocin albasa. Da na gama jarrabawar sakandare bana, sai na samo takardar neman shiga wata makaranta a Sakkwato inda ake koyar da zane da sassaƙa. Wuri ɗaya ya rage a takardar, inda uba yake sa hannu. Baba kuma ya riga ya gama nasa shirin. Ƙanensa, Baffa Isa, yana da shagon kayan babur a Konni, kuma an ce farkon wata zan koma can in zauna in koyi ciniki. Na kai wa Baba takardar har sau uku. Ya ce in dubi kawuna, ya yi shekara talatin yana shafe-shafe, ya tafi ya bar akwati ɗaya. Na ce ya bar alluna a gari. Ya ce ya sani, ai yana cikin ɗaya.

Ana cikin haka Alhaji Garba ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Shi ne mai shagon maganin dabbobi da ke kusa da kara. Shekaru da yawa allon Kawu ne a saman shagonsa, wani farin bajimi mai ƙaton tozo, har iskar farkon damina ta ɓalle shi ta nannaɗe kamar tabarma. Ɗan Alhaji, wanda ya yi karatu, ya je ya bugo masa fosta. Na gan ta da idona. Saniyar Turai ce baƙa da fari, ba tozo, tana tsaye cikin ciyawa har gwiwa, a bayanta duwatsu da dusar ƙanƙara. Makiyaya suka zo ranar kasuwa suka ɗaga kai suka duba, suka yi shawara da Fillanci, suka wuce. Wasu suka ce shagon ya canza hannu. Wasu suka ce maganin na shanun ƙasar sanyi ne, zai yi wa namu ƙarfi. Da yawa suka riƙa tsallakawa Konni suna sayo magani. Abin da ya kawo Alhaji shi ne ya ji ko marigayi ya bar wani wanda ya iya hannunsa.

Ina bayan ƙofa ina saurare. Ban san lokacin da na faɗo zaure ba, har na ture butar alwala. Na ce ai ya bar wani, ga ni. Na ce tun ina goye nake haɗa fenti, kuma Kawu da bakinsa ya ce na fi shi iya saniya. Allah ya yafe mini wannan.

Baba ya dube ni ya dubi Alhaji, sai na ga ya yi wani murmushi irin na wanda aka kawo wa mafita har gida.

"To, ga hanya ta samu," in ji shi. "In Alhaji ya rataya allonka bisa ƙohwar shagonai, in sa ma hannu ka tahi Sakkwato. In bai rataya ba, Konni. Kuma kak ka ƙara yi min maganar gwangwani."

Na ce na yarda tun bai rufe baki ba. Sauran mako biyu wata ya ƙare.

Na samo fallen kwanon rufi, na kankare, na shafa fari, na jingina a bayan ɗakin Inna. Kwana huɗu ban san ko na ci abinci ba. Na yi niyyar zana saniyar da ba a taɓa ganin irinta ba tun da aka fara kiwo. Na buɗe waya na tara hotuna. Na ba ta jikin Bokolo, farar saniyar nan tamu mai tozo da faɗin ƙirji. Amma ƙahon Bokolo gajere ne, na ga bai cika allo ba, sai na aro mata na Rahaji, jajayen shanun nan masu dogon ƙaho, na miƙar da su har suna neman fita daga kwanon. Na yi mata ido da gashin ido zara-zara. Da na ja baya na duba, na kusa yi wa kaina tafi. Na ce Sakkwato ma ta yi mini kaɗan.

Ranar Asabar na ɗaure allon zan kai wa Alhaji kai tsaye. Gaskiya ban manta da dokar Kawu ba, tsoro nake ji. Zagin da na sha ji a bayan allo daɗinsa shi ne ba nawa ba ne.

Inna ta tare ni a tsakar gida. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunana, ba ta yabona, kuma a gaban mutane ba ta taɓa nuna tana bayana. Duk maganar Sakkwato da ake yi ba ta ce uffan ba. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Kai wanga yaro, ina za ka da ɗanyen allo?"

Na ce ya bushe tun jiya, ta taɓa ta ji. Ta ce ita ba ta taɓa komai, ita dai ta san ɗan'uwanta bai taɓa fita da aiki ranar Asabar ba, kuma duk wanda yake satar buroshin mutum ya kamata ya saci halinsa ma. Sannan ta miƙo mini ƙullin gyaɗa ta ci gaba da tankaɗenta.

Haka na tsinci kaina ranar Lahadi a mashigar kara, a gindin ginshiƙin nan dai, zaune a kan buhu. 'Yan acaɓa biyu suka fara tsayawa suka ce kai, wannan saniya ta haɗu. Na ɓare gyaɗa na ce ashe abin ba wuya. Sai na ga takalman roba sun fara taruwa, irin na makiyaya, da gindin sanduna. Wani ya fara dariya ƙasa-ƙasa, wani ya kama, can sai wurin ya ɓarke. Na ga sanda ta faɗi ƙasa saboda mai ita ya riƙe ciki. Ina jin har shanun da ke cikin kara sun juyo.

Wata tsohuwar murya ta ce, "Wa ya haihi wagga dabba? Jikin Bokolo, ƙahon Rahaji, idon amarya."

Wani ya ce in ta sunkuya shan ruwa ba za ta ƙara ɗagowa ba. Wani ya ce shanu uku aka yanka aka ɗinka. Duk wannan na jure. Sai tsohon ya matso, na ji ƙarar sandarsa a kan kwanon daidai kunnen saniyar, ya ce a duba, kunne lafiya lau, ba tsaga ba shaida. Dariyar ta ragu. Ya ce babbar saniya kamar wannan da ba ta da shaidar gidan kowa, sunanta ɗaya, ta sata ce, kuma shi ba zai sayi magani a shagon da ya rataya saniyar sata ba.

Ban taɓa sanin haka ba. Na girma ina ganin shanu kullum, ban taɓa lura cewa kowane gida yana da irin tsagar da yake yi wa kunnen dabbarsa ba, kuma makiyayi kunne yake fara dubawa kafin komai. Na zauna a bayan allon nan ina jin warin man babur na Konni yana shiga hancina.

Da taron ya watse, takalmi ɗaya ya rage. Sandar ta zagayo ta taɓa ƙafata.

"Hito, ɗan Kaɗo. Na san akwai mutum nan. Ummaru ma nan yaka ɓoyo."

Ardo Buba ne, dattijon Fulani makiyaya daga wajen Araba, wanda duk Bahaushe Kaɗo ne a bakinsa. Na gaishe shi, na ce Bappa, ashe ka san Kawu. Ya ce ya san shi fiye da yadda nake zato. Ya tambaye ni ko na san bajimin da ke tsohon allon. Na ce ai bajimi ne kawai. Ya yi dariya har na ga sauran haƙoransa. Ya ce wannan Wule ne, bajiminsa, mai farin tabo a goshi wanda ya fi sauran jikinsa haske. Wata shekara Wule ya kwanta ciwo har an wasa wuƙa, aka gwada maganin shagon Alhaji Garba, ya tashi ya ƙara shekaru yana barbara. Babu makiyayin da bai ji labarin ba daga nan har cikin Nijar. Kawu ya je rugarsu ya yini biyar yana kallon bajimin kafin ya ja layi ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ɗaga kai ya ga allon, ba talla yake gani ba, Wule yake gani, wanda ya kusa mutuwa ya warke a nan.

Na yi shekaru ina wucewa ƙarƙashin allon nan ban san ana karanta shi ba.

Ardo ya ce Wule ya daɗe da tafiya, amma jikarsa tana nan, ita ma bara ta yi jinya ta tashi. In ina so in zo in gan ta, amma in bar wayata a gida.

Washegari na hau bayan babur zuwa Araba, na ƙarasa rugar da ƙafa. Kwana huɗu ina zuwa da safe in dawo da yamma. An taka ni sau biyu. Wani ɗan maraƙi ya cinye mini takarda guda da zanen da ke kanta, kuma ina jin shi ne mai sukar da ya fi kowa gaskiya. Matan rugar suna ba ni nono suna tambayar Ardo ko lafiyata ƙalau, saurayi guda ya zauna yana kallon gindin saniya tun hantsi. Amma a rana ta biyu na fara gani. Na ga yadda tozonta yake kwantawa gefe in ta gaji. Na ga fatar wuyanta tana reto kamar zanen da aka shanya. Na ga farinta ba fari ɗaya ba ne, akwai toka-toka a kafaɗa, akwai ruwan ƙasa a cinya. Na ga tsaga biyu a kunnen dama, shaidar gidan Ardo. Wani irin daɗi ya kama ni wanda ban san sunansa ba, har na riƙa yi mata magana.

Matsala ɗaya ce. Ƙahonta na hagu a karkace yake, ya leƙo ƙasa, tun tana ƙarama ta maƙale a shinge. Na ce wa Ardo zan miƙar mata da shi a zane, tunda shagon magani ne, kada a ce ba ta da lafiya. Ya ce in na miƙe shi to in nemo wata saniyar in sa wa suna, domin tasa dai haka take, kuma haka kowa ya san ta. Na bar shi a karkace, zuciyata tana cewa na kashe kaina.

Na shafe saniyar amarya da farin fenti, na yi mata addu'a, na fara daga farko. Ranar Lahadin da ta wuce, kwana biyu kafin ƙarshen wata, na koma gindin ginshiƙi. Inna ta ba ni gyaɗa, amma ban iya ɓare ko ɗaya ba.

Takalman roba suka zo suka tsaya. Suka yi ta kallo har na fara lissafin kayan da zan tafi da su Konni. Sai wani ya ce da Hausa, a hankali kamar mai gaisuwa, "A'a. Jikar Wule ta." Wani ya ce ita ce, ga ƙahon, ga kunnen. Aka kira wani daga nesa ya zo ya gani. Wani ya ce bara har ya yi wa Ardo jaje a kanta, ashe ta yi ƙiba haka. Suka shiga gardamar ko ta haihu bana, suka manta da ni, suka manta da fenti, suna magana a kanta kamar tana tsaye tana tuƙa. Da wani ya tambayi shagon da za a kai allon, sai na ji muryar Alhaji Garba daga baya tana cewa nasa ne, nasa ne, kowa ya san wurin. Ban san yana cikin taron ba. Na cusa hular kaina a baki don kada in yi ihu.

Zagi dai ban tsira ba. An ce jelar ta yi gajarta, an ce kofaton gaba kamar na jaki. Na rubuta duka a bayan kwanon da alli, ina murmushi kamar wawa.

Rana ta karkata, mutane suka ragu, ina shirin tashi, sai ga wasu takalma sun tsaya. Baƙaƙen fata ne, na dama ya ɗan cinye ta waje. Ni nake goge su duk Juma'a. Suka daɗe a wurin. Suka matsa hagu, suka dawo dama, suka ja baya. Baba mutum ne mai cika alkawari, amma kuma ɗan kasuwa ne, na san zai iya cewa ai ba a rataya ba tukuna.

Ya yi gyaran murya, ya yi magana da ƙarfi kamar mai yi wa iska bayani.

"Ƙahwar baya ta cika tsawo. Wanda yay yi wanga aiki da sauran koyo gabanai. In ya tahi Sakkwato sai su gyara mai hannu."

Takalman suka juya. Na leƙa ta saman allon na bi shi da kallo. Zafi ya sa ya cire hula yana fifita da ita, kuma jama'a, ninki uku ne cif. Kawu bai ƙara ko ɗaya ba.

Ran Litinin na gyara jela da kofato. Ƙafar bayan na auna ta sau uku, daidai take, amma na rage mata kaɗan saboda girman mai maganar. Na sa sunana a ƙasa da ƙaramin buroshin Kawu. Ran Talata aka rataya allon, da yamma na tarar da takardata a kan tabarmata da sa hannu a inda ya kamata. Inna kuwa ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado ta ajiye a ƙofar ɗakina, ta ce ya daɗe yana tare mata wuri.

Na zagaya gari jiya ina neman allunan Kawu da suka rage. Na samu makulli ɗaya, da rabin kifi, da wani kofi da tururinsa ya goge. Nan da 'yan shekaru su ma za su tafi, kuma yaran da ke tasowa ba za su san wanda ya yi su ba. Baba bai yi ƙarya ba, akwati ɗaya Kawu ya bari. Sai dai akwai wani wuri a mashigar kara, faɗin buhu guda, inda mutum zai zauna ya ji gaskiya a kan aikinsa bai mutu ba. Wannan ma shi ya bar mini, kuma ba ya tsatsa.

An ce a makarantar da zan je malamai ne suke duba aiki su ba da maki. Madalla, zan karɓa da hannu biyu. Amma na riga na tambaya, an tabbatar mini akwai kasuwa a Sakkwato, kuma mutanenta ba su da kunyar baki. Allah ya kai rahama kabarinka, Kawu Ummaru. Akuyar nan ka yafe mini. Gyaɗar da ban ci ba ranar Lahadi tana cikin akwati, da ita zan fara.